Kwamitin Harsuna da Cikin Amaryar Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, sai an tuna mini nake cewa "af, haka fa aka yi." Amma wannan da zan ba ku labari, ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai tafi da shi. Na daɗe da yin ritaya daga koyarwa, amma har yau in na ji a rediyo an ce an kafa kwamiti, sai abin ya dawo mini sabo.

Ni Bazazzagiya ce, Kirista, daga wani gari kusa da Zariya. Da Hausa na buɗe ido, da ita uwata ta yi mini faɗa, da ita muke waƙa a coci. Aikin koyarwa ne ya kawo ni Kano, na zauna har na yi jikoki. Ban da Hausa da Turancin makaranta da Turancin Buroka da kowa ke tsinta a kasuwa, ba ni da wani yare ko na zagi. To wata rana hedimasta ya kira ni ofis ya ce ƙaramar hukumarmu, wadda ba sai na kama sunanta ba, za ta tsara yadda za a riƙa amfani da harsuna a sakatariya da asibitoci da kasuwanni, tunda mutane daga ko'ina sun cika yankin. An kafa kwamiti, kuma an sa sunana a matsayin wakiliyar masu yare. Na ce masa wane yaren? Ya yi dariya ya ce sunana suka gani suka yanke hukunci, in je can in warware musu.

Da na so in ce a kai kasuwa. Abin da ya hana ni shi ne wata yarinya da ke haya a ɗakin da ke kallon nawa. 'Yar ƙabilar Tibi ce daga Binuwai, mijinta direban babbar mota ne, ya ɗauko ta ya ajiye ya koma kan titi, sai ya yi makonni ba a gan shi ba. Duk gidan Amarya muke ce mata, ita kuma ta ce mini Mama. Ba ta yi nisa a makaranta ba, daga yarenta sai Buroka. Hausarta kaf ba ta wuce "sannu" da "to" ba, amma in ta faɗi "to" ɗin nan da murmushinta sai ka rantse ta gane komai. Tana da ƙaramin ciki, na fari.

Ranar da ta fara zuwa awo ana hutun makaranta, sai na raka ta ƙaramin asibitin unguwarmu. Mata sun cika rumfa maƙil, ma'aikata biyu ne kacal. Kafin a fara duba kowa sai nas ta tsaya ta yi lacca: abin da mai ciki za ta ci, abin da za ta guje wa, da alamun da in ta gani ta bar komai ta garzayo asibiti. Lacca mai kyau ƙwarai, da Hausa tsantsa. Na waiwaya na ga Amarya da wasu mata a bencin baya suna ta gyaɗa kai, in an tafa su tafa. Da aka tashi na sami shugabar wurin na roƙe ta a riƙa maimaita laccar da Buroka saboda 'yan bencin baya, tunda na ji da kunnena nas ɗin ta iya. Ta ce ita ma ta so haka, amma an taɓa zuwa duba su aka ji suna yi, aka yi musu tas, wai asibitin gwamnati ba tashar mota ba ce. Hausa da Turanci aka yarda da su. In dai ba daga sama aka ba da izini ba, ba za ta sake jawo wa kanta magana ba.

Shi ya sa da maganar kwamiti ta zo na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Layi ɗaya nake so a rubuta, a ce ranar awo a maimaita lacca da Buroka. Ba sabon ma'aikaci za a ɗauka ba, ba gini za a yi ba. A lissafina zama ɗaya ya isa.

Shugaban kwamitin wani Alhaji ne, tsohon babban sakatare, Bakano na cikin gari, gidansa na Nassarawa GRA. Ya ce ɗakin taron sakatariya ba wuta ba fanka, don haka mu riƙa haɗuwa a falonsa duk Asabar. Sai in hau adaidaita sahu daga hayaniyar unguwarmu, in sauka a layin da ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye a kan darbejiya. Falo kuwa sanyi kamar cikin randa. Kafin a buɗe taro an jera waina da miyar taushe, ga gurasa, ga farfesu, ga zoɓo mai ƙanƙara. Kada ku ɗauka mugun mutum ne Alhaji. Mutum ne mai fara'a da kyauta, kuma da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi.

A zaman farko aka gabatar da kowa da harshen da yake wakilta. Akwai wani lauya Bafulatani daga Badawa, wanda in ka cire gaisuwar safe Fulatancinsa ya ƙare. Akwai wata Hajiya Babarbariya 'yar kasuwa, da wani malami mai kula da Larabci da Ajami, sai wani Bayerabe da wani ɗan Ibo, dukansu haifaffun Kano. Da aka zo kaina na ce a gafarce ni, an yi kuskure, ni ba ni da yare sai Hausa. Alhaji ya gyara tabarau ya tambaye ni garinmu. Ina cewa Zariya ya tafa hannu.

"Allahu Akbar! Ashe baiwata aka aiko mini har gida. A shiga ciki a ce wa uwargida a dama fate, Bazazzagiya ta zo."

Kun dai san abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Na ce masa ai in ba don Zazzau ba da har yanzu Bakano gurasa yake tallatawa, bai san hanyar makaranta ba. Falo ya ɗauki dariya, Alhaji har da share hawaye. Ranar na koma gida ina murna, ina cewa na sami shiga. Maganar wakilcin masu yare kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. In za a tsokane ni, Bazazzagiya ce ni, Bahaushiya 'yar gida. In za a raba kujera, mai yare ce. Na bar su a haka tunda ba wannan ya kawo ni ba.

Sai aka shiga aiki, in aiki ne. Da farko dai da Turanci ake tattaunawar, Turanci mai nauyi irin na tsofaffin ma'aikata, a taron da aka kira don a daraja harsunan gida. Sannan abin da ya cinye mana Asabar bayan Asabar shi ne allon da za a kafa a ƙofar sakatariya, wanda zai ce "Barka da zuwa" da kowane harshe. Wane za a sa a sama, wane a ƙasa? Malam ya ce haruffan Larabci ba sa zama ƙarƙashin na boko. Lauya ya ce Fulatanci ne zai bi Hausa. Hajiya Babarbariya ta ce sai dai bayan ranta, yaushe bawa ya hau kan ubangijinsa? Fulani da Barebari abokan wasa ne, don haka lauya ma ya rama, aka kwashe da dariya, aka ɗaga maganar zuwa mako mai zuwa. Har wani ya kawo shawarar a sa Faransanci saboda baƙinmu na Nijar. Na ce wane ɗan Nijar ne ya zo Kano ya rasa Hausa? Aka ce a kafa ƙaramin kwamiti ya duba.

Da na samu aka ba ni dama na kawo tawa. Na ba su labarin rumfar awo da bencin baya, na ce akwai yarinya a gidanmu da cikinta ke girma, ba ta san abin da ake gaya mata ba. Malam ya ce Buroka ai ba harshe ba ce, Turanci ne da ya lalace. Alhaji ya ce yaya za a yi takardar gwamnati, wadda manya za su karanta, a ga Buroka a ciki? Ai sai a ce ba mu yi makaranta ba. Lauya ya tambayi ƙabilar yarinyar. Ina cewa Tibi ya miƙe zaune, don Fulani da Tibi ma abokan wasa ne. Ya ce a gaya mata ba lacca ba Buroka sai sun biya shanun kakansa da suka cinye. Aka yi dariya har da buga ƙafa. Na ce don Allah a tsaya, maganar rai nake yi. Alhaji ya ce ku ji Bazazzagiya da gardama, yunwa ce ke damunta, a ƙaro mata fate. Sakataren kwamiti ya rubuta cewa za a duba.

Haka muka yi ta yi. Duk Asabar sai na tayar, duk Asabar sai a mayar da ita wasa. In na sassauta murya a ce yau baiwa ta yi ladabi. In na ɗaga a ce ga halin Zagezagi ya motsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Bayeraben nan da ɗan Ibon. In mun fito bakin get muna jiran abin hawa sai su ce Malama gaskiyarki ce, matan yaran shagonsu ma haka suke fama. Kuma da wane harshe suke gaya mini? Da Burokar da aka ce ba harshe ba ce! Amma in an koma falo, an ci waina an sha sanyi, Alhaji na magana sai ka ji sun ce "to, ranka ya daɗe." Wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski.

Rana ɗaya haƙurina ya ƙare na buga tebur har kofin zoɓo ya kife a kan kafet. Na ce ana ga yaƙi kuna ga ƙura, cikin mutum ba ya jiran allo. Sai Alhaji ya ce a rubuta a tarihi, yau Zazzau ta kawo wa Kano hari ta ci kofi ɗaya. Shi ke nan, dariya ta dawo. Da aka tashi Hajiya Babarbariya ta ja ni gefe ta ce haba Malama, kamar ba 'yar ƙasa ba? Wanda ya yi fushi da abokin wasa ai shi ya faɗi. Ga shi a gidansa kike, abincinsa kika ci. Ta ce in bi a hankali, in an gama da allo za a zo kan tawa. Na koma gida ina huci ni kaɗai a bayan adaidaita, har direban ya tambaye ni ko lafiya.

A can gida kuwa ciki sai girma yake. Makaranta ta koma, kuma ranar awo da safe ce, lokacin ina aji, don haka Amarya ita kaɗai take zuwa. In ta dawo na tambaye ta me aka ce, sai ta yi dariya ta ce an yi waƙa an tafa, an taɓa cikinta, an ba ta ƙwayoyi. Ƙafafunta suka fara kumbura. Matan gida suka ce alamar namiji ce, kowa da haka ta haihu. Ni malamar makaranta ce ba ta asibiti ba, na ce mata dai ta nuna musu in ta je. Ashe har da ciwon kai take fama da shi, tana sayen magani a kemis tana shanyewa, ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta cika raki.

Wata ranar Laraba na dawo daga makaranta da azahar, tun daga bakin layi na ji ihun mata. Na tarar da Amarya a ƙasa a tsakar gida, kusa da bokitin wankinta, jikinta na jijjiga, ta ciji harshe jini na zuba. Wata na cewa iska ce, wata na neman hayaƙi. Na ce ku ba ni wuri. Muka cicciɓe ta muka sa a adaidaita sai babban asibiti. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Ita ta rayu. Yaron, namiji ne kuwa kamar yadda matan gida suka ce, bai zo da rai ba.

Likitan ya duba katinta ya ga ba ta taɓa fashin awo ba. Ya ce jininta ne ya hau sosai, kuma irin wannan ba ya zuwa ba sallama: kumburi, ciwon kai, ganin hazo-hazo. Ya ce ai duk wannan ana faɗa a lacca, me ya sa ta zauna a gida? Da ta farfaɗo ta sami ƙarfin magana na tambaye ta a hankali da Buroka. Ta ce e, kullum nas tana nuna ƙafa, tana dafa kai, tana nuna ido, sai kowa ya amsa. Ita ta ɗauka cikin waƙar ne.

Asabar ɗin da ta biyo baya ita ce zaman ƙarshe kafin bikin ƙaddamar da tsarin harsunan. An gama da allo, an kai wa mai fenti. Abin da ya rage shi ne gwaji, don an shirya kowane wakili zai tashi a gaban ciyaman ya gai da jama'a da harshensa. Na so in ƙi zuwa, sai kuma na ga gara in je. Na tarar da lauya yana ta bitar gaisuwar da ya sa wata gwaggonsa ta karanto masa ta waya. Aka turo mini faranti na ce na ƙoshi. Alhaji ya ce a duba sama, yau za a yi ruwa, Bazazzagiya ta ga abinci ta kau da kai. Lauya ya ajiye takardarsa yana murmushi ya ce, "Malama, ina 'yar taki mai cin shanunmu? Ta sauka ne, mu zo mu karɓi ɗan a madadin saniya?"

Ban ɗaga murya ba, don ba ni da ƙarfin ɗagawa. Na ce, "Ta sauka ranar Laraba. An binne shi ranar Alhamis."

Na gaya musu sauran yadda ya faru, da abin da likita ya ce, da abin da ita ta ce game da waƙa. Lauya ya sunkuyar da kai yana salati, Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji ya cire tabarau ya ajiye. Can sai ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumar, wanda ashe yaronsa ne a wurin aiki tun da can. Da yake kunnen Alhaji ya yi nauyi, a bayyane yake sa waya, don haka duk muna ji. Bayan gaisuwa ya ce masa daga wannan makon, duk asibitin da ake awo a riƙa maimaita lacca da Buroka, kuma kada a sake tsawata wa kowa a kan haka. Muryar ta ce, "An gama, ranka ya daɗe. Ai wannan ba wani abu ba ne." Ko ruwan shayi aka ɗora lokacin da ya fara kiran, bai isa ya tafasa ba.

Na san ana jiran in yi godiya. Wallahi na neme ta a bakina na rasa. Abin da ya fito shi ne, "Alhaji, ashe lambar nan tana cikin wayarka tun ranar da na fara magana?"

Ya ɗago ido ya dube ni, idon ya yi ja. Ya ce, "Malama, ki yafe mini. Wallahi na ɗauka wasa muke yi."

Ranar ce ya fara kirana Malama. Na ɗauki jakata na fita, ban tsaya gwajin gaisuwa ba, bikin ma ban je ba. An ce an yi shi lafiya, an ci an sha, kuma da aka zo kan wakiliyar masu yare sai aka ce ba ta jin daɗi.

Amarya ba ta taɓa jin laccar Buroka ko sau ɗaya ba. Tana samun sauƙi mijinta ya mayar da ita Binuwai wurin iyayenta, ba ta sake dawowa Kano ba. Da aka yi hutu na leƙa rumfar awo don in gani da idona. Nas ta gama da Hausa ta juya da Buroka, sai ga 'yan bencin baya suna ɗaga hannu suna tambaya, wata har da tuɓe takalmi tana nuna ƙafarta. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, daɗi da baƙin ciki suka haɗe mini, na juya na tafi tun kafin wani ya tambaye ni abin da ya sa nake kuka. A cikin littafin tsarin da aka buga kuwa ba a ambaci Buroka ba ko a layi ɗaya. Allon yana nan a ƙofar sakatariya, fentinsa ya koɗe, kuma Fulatanci da Barbarci a jere suke kafaɗa da kafaɗa don kada a ɓata wa kowa.

Ban daina wasa da Kanawa ba, kada ku ce na zama mai ƙunci. Wasan nan abu ne mai kyau, ya kashe faɗa da yawa a ƙasar nan, kuma har Alhaji ya rasu muna gaisawa da mutunci. Amma na koyi cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. In magana ta rai ce, tun kafin in zauna, tun kafin in taɓa farantin kowa, nake cewa yau ba wasa ya kawo ni ba. Kuma duk wanda aka ɗora wa tsara harshen da hukuma za ta yi wa jama'a magana da shi, ina roƙonsa ya bar allo tukuna, ya je ya zauna a bencin baya. Wadda ya ga ta fi kowa gyaɗa kai da cewa "to", ita zai fara tambaya me ta ji.